Irin da Ba Ya Son Ƙasa

A ƙauyenmu, can bayan Fadan Kagoma, mutum ba ya kaftun gonar citta shi kaɗai. Citta tana son ƙasa mai laushi, wadda aka juya da zurfi har ƙafa ta nutse, kuma tana so a gama wannan aiki tsakanin ruwan farko da zaman damina. Wanda ya makara, irin cittarsa zai tsiro a ramin ajiya, ya yi tsawo, ya lalace a banza. Shi ya sa kowa gayya yake kira. Maza su fito da safe kowa da garmarsa, mai gona ya ba su fate da burukutu, kafin rana ta faɗi an gama. Haka na taso na tarar, haka na yi ta yi har shekarar da aka yi mini baftisma.

Shekarar ita ce wadda muka bar fam da sule muka koma naira da kwabo. Ni da matata rana ɗaya aka nutsar da mu a rafi, muka kuma yi alkawari gaban ikilisiya cewa ba za a ƙara dafa giya a gidanmu ba. A ranar, alkawarin bai yi mini nauyi ba, don kaka ce, rumbu cike yake, mata suna ta waƙa a bakin ruwa. Sai bayan Kirsimeti, da aka fara ƙona ciyayi, na je na duba ramin da na binne irin cittata a gindin ɗorawa, na tuna gona tana jirana.

Mai kiran gayya a unguwarmu Kawuna ne, wan mahaifiyata. Ƙahon kiran yana wurinsa, idan bai busa ba babu mai fitowa. Bai taɓa shiga majami'a ba, ya ce bencinmu yana sa masa ciwon baya. Na same shi yana gyara ƙotar garma, na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Kawu, bana ma ina son gayya."

Ya ce, "Madalla. Wa zai dafa?"

"Za a yi faten acca, da wake da man ja. Kunu kuwa har sai an bari."

"Ban tambaye ka abinci ba. Na ce wa zai dafa?"

"Kawu, ba za a dafa ba."

Ya ajiye ƙotar, ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Ya ce, "To je ka kira masu jego, su ne masu shan kunu. Ko ka kira 'yan waƙarku su rera wa ƙasar, ko za ta juya kanta."

Ban ji haushi ba, gaskiyarsa ce. Mu masu bi a lokacin ba mu da yawa, yawancinmu mata ne da tsofaffi. Idan na dafa, dattawan ikilisiya za su sa ni a horo, in zauna a bencin baya, a hana ni jibin Ubangiji. Idan ban dafa ba, cittar shekara ta tafi, ita ce kuwa suturarmu da kuɗin makarantar yara.

Ana cikin haka na tafi Kafanchan sayen gishiri da kananzir. Ƙanin matata kuku ne a can, yana yi wa wata Baturiya mai aikin jinya girki. Na tarar ana ta ɗaure kaya, wai za ta koma ƙasarsu. Na sha rana a hanya, sai ya zaunar da ni a bayan kicin ya ɗauko wata kwalba daga cikin randa. Da ya cire murfin sai ta yi tsaki kamar an taka maciji. Ya zuba mini a kofi. Abin yana da ɗan zaƙi, da ɗan tsami, da yajin citta, yana kuma tsattsage harshe kamar lemon kwalba. Na shanye, wata gyatsa ta taso mini ta hanci har idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Suruki, me ka ba ni? Ka san fa an yi mini baftisma."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ita mai abin ko taba ba ta sha. Zo ka ga uwarsa."

Ya nuna mini wata babbar kwalba mai faɗin baki, an rufe ta da ƙyalle. A gindinta akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙaro da ya sha ruwa, ana ganin haske ta cikinsu. Ina kallo sai ɗaya ta taso sama a hankali, ta ɗan tsaya, ta koma ƙasa, wata kuma ta taso. Babu mai taɓa kwalbar.

Na ce, "Abin nan da rai?"

"Da rai. Sukari yake ci. Idan ya ƙoshi ya haihu."

"Mene ne sunansa?"

Ya waiga ya rage murya. "Ita tana ce masa kefir."

"Kafiri?"

"Ka ji ko? Haka kowa yake ji. Na faɗi sunan nan sau ɗaya a kasuwa, saura kaɗan mai nama ya bi ni da wuƙa. Tun daga ranar iri nake ce masa. Kai ma ka ce iri, ka huta."

Baturiyar ba za ta iya tafiya da shi ba, shi kuwa ya samu wani aiki a gidan da ba a son tarkace. Ya juye mini rabi a kwalbar man shafawa da aka wanke, ya yi mini bayani tun daga kicin har tasha. Kada in ba shi ruwan famfo mai warin magani, sai na rijiya ko na rafi mai kyau. Kada in zuba masa ruwan zafi. Kada in bar shi a cikin kwanon ƙarfe. In narka sukari a ruwa, in zuba irin, in rufe da ƙyalle don ya sha iska, in ajiye a inuwa. Bayan kwana biyu in tace ruwan, in mai da irin cikin sabon ruwan sukari. Ruwan da na tace shi ne abin sha, in sa masa citta ko lemun tsami, in toshe a kwalba ya ƙara kwana, a nan yake samun ƙarfin tsakinsa. Ya ce yana gyara ciki, wai ita Baturiyar takan ba masu kumburin ciki. Ni dai ba cikina ne ya dame ni ba. Tun ina cikin mota, kwalbar tana aljihun rigata, gayya nake tunani.

Sukarin kwali ya fi ƙarfina, sai na gwada shi da mazarƙwaila. Ashe ita ya fi so. Ƙwayoyin suka yi ja-ja, suka yi ƙiba, suka fara yawa. Ba ni da murfin kwalba, sai na riƙa toshewa da totuwar masara. Wata rana da tsakar rana muna cin abinci, totuwa ɗaya ta yi tsalle ta bugi jinka, kaji suka watse, matata ta zubar da miya. Daga nan na koyi cewa ba a cika kwalba har wuya, ba a kuma mantawa da ita. Kowace safiya kafin in fita nakan tsuguna in duba su, in ɗanɗana da ludayi. Matata ta ce ko 'ya'yan da ta haifa mini ban yi musu wannan reno ba.

Amma ban yarda in ci gaba ba sai na kai maganar wurin mai bishararmu. Shi ne kuma yake koya mana karatu da yamma a ajin yaƙi da jahilci, a nan cikin majami'a, mu manya muna zaune a bencin yara gwiwoyinmu suna taɓa haɓa. Bayan an tashi na tsaya, na fito da kwalba daga jaka.

Na ce, "Malam, ina so ka gaya mini ko wannan giya ce."

Ya ɗaga ta ya duba a haske, ya shinshina. Ya ce, "Ɗan'uwa, an jiƙa dawa ta tsiro?"

"A'a."

"An ɗora a wuta?"

"Ko kusa da murhu ba ya zuwa."

"To me ya sa yake kumfa?"

Na ba shi labarin irin. Ya rufe ido ya yi gajeriyar addu'a, ya shanye kofi guda. Ya zauna a benci ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, yana kallon allo. Muka yi ta zama. Can ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, ni a gidan mishan na girma, ban taɓa shan giya ba. Kai da ka san abin, yaya ake ji idan ta fara kamawa?"

Na ce, "Malam, kana jin kana son kowa?"

"Wannan ai umarni ne."

"Kana jin kana da gonaki da yawa?"

"A'a."

"Kana jin za ka iya kayar da Kawuna a kokawa?"

Ya ce, "Ko kaɗan." Sai gyatsa ta ƙwace masa, mai ƙarfi, har ta amsa a cikin majami'a. Ya toshe baki, muka yi ta dariya mu biyu kamar yara.

Na gaya masa gaskiya cewa idan aka bar shi ya daɗe a toshe yakan yi ɗan kaifi, ban kuma san inda zai kai ba idan aka ƙyale shi. Ya ce to kada in ƙyale shi. A sha shi yana sabo, shi kuma zai zo gayyar da garmarsa ya gani da idonsa, ya faɗa wa dattawa. Na koma gida ranar ina jin rabin gonata an riga an kafce.

Saura yawa. Abin da zai shayar da maza masu kaftu ba na kwalba ba ne, na randa ne. Na ci gaba da kiwon irin har ya kusa cika ƙaramar ƙwarya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu. A ƙuruciyarta babu wadda ta fi ta iya dafa burukutu a unguwar, babu kuma wadda ta fi ta iya ajiyar iri. Irin acca, irin wake, irin gauta, kowanne da goransa da tokarsa, rataye a ɗakinta. Hausarta ba ta da yawa, a yarenmu muke magana, amma kalmar iri ta san ta sarai. Tun da na kawo abin take kallona ta gefen ido. Wata safiya na tace irin duka a ƙwarya zan raba shi tukwane biyu, sai na ga mazarƙwaila ta ƙare. Na rufe ƙwaryar da faifai na ce, "Mama, ga irin nan, ki kula kada kaji su ci. Zan je kasuwa in dawo." Matata kuwa ta tafi rafi.

Da na dawo, ƙwarya tana kife a rana, an wanke ta tas. Mama tana zaune a kan turmi tana sosa ƙafa, fuskarta cike da jin daɗi.

"Mama, ina irin?"

Ta nuna bayan gida da haɓa. Na zagaya. A gindin ayaba, inda ƙasa ba ta bushewa, an yi ɗan fili mai kyau kamar faɗin tabarma, an rufe shi da ganyen ɗorawa yadda ake rufe citta, an kewaye da ƙaya saboda awaki.

Ta biyo ni tana dogara sanda. Ta ce, "Tun da ka fara zuwa karatun nan kanka ya juye. Wa ya taɓa ajiye iri a ruwa wata da watanni? Ruɓewa zai yi. Na yi shiru ne in ga ko matarka za ta gaya maka, ita ma shiru. Ga shi na sa maka a ƙasa, har da ɗan takin akuya."

"Mama, wannan irin ba ya son ƙasa."

"Babu irin da ba ya son ƙasa."

Na sunkuya zan ɗaga ganyen, ta buge mini hannu da sanda. "Ba a tone iri! Uban wa ya koya maka?"

Na tsaya ina kallon kiyashi sun ja layi daga gindin katanga zuwa cikin ganyen, wasu suna fitowa. Na san aikin ya riga ya ƙare. Na so in yi faɗa, amma tsohuwar nan da ciwon bayanta ta tsuguna ta yi kaftu, ta je ta saro ƙaya, duk don ta cece ni daga wauta. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Na shiga ɗaki na duba kwalbar da nake kiwon irin a ciki. 'Yan ƙwayoyin da suka maƙale a gindinta ba su fi cikin cokali ba. Na zuba musu ruwan mazarƙwaila, na zauna a ƙasa.

Kafin yamma labari ya gama unguwa, don Mama da kanta ta gaya wa matan da suka zo daka. Washegari Kawu ya iso, wanda rabonsa da gidanmu tun ranar baftisma. Ya tsaya a bakin ƙaya, hannu a baya.

Ya ce wa Mama, "Ke, me kika shuka?"

"Irin Turawa."

"Itace ne ko ciyawa?"

"In ya fito ka gani. Kai da ko gyaɗarka ba ta fitowa."

"Idan ya yi 'ya'ya, kwalabe zai haifa ko kofuna?"

Ta ɗaga sanda, ya ja da baya yana dariya har da tari. Daga ranar gaisuwa ta canja a unguwarmu. Duk wanda na haɗu da shi a hanya, maimakon ya ce ina gajiya, sai ya ce, "Ya tsiro?" A rafi ana tambayar matata. A majami'a ma wani dattijo ya raɗa mini ana tsakiyar sanarwa. Mutane suka riƙa biyowa ta bayan gidanmu kamar hanyar kasuwa ce, su leƙa kan ƙaya su wuce. Mama kuwa kowace safiya tana ba filinta ruwa, ko ta kansu ba ta bi.

Da farko nakan yi murmushi in wuce. Daga baya na lura cewa duk mai tsokanar, idan ya gama dariya, sai ya ɗan tsaya ya ce, "Wai shi abin, yaya ɗanɗanonsa yake?" Sai na daina bayani. Wanda ya ce ya tsiro, in ce, "Ya kusa. Ranar gayyata za a sha 'ya'yansa. Mai garma kaɗai za a ba." Masu zuwa gida roƙon ɗanɗano na hana su, har da abokaina na yarinta. Wannan ya fi komai yi mini wuya, domin a wurinmu ba a hana mutum abin sha. Amma na ga yadda hanin yake ƙara musu ƙaiƙayi.

Na koma wurin Kawu. Ya ce, "Abin naka giya ne ko ba giya ba ne?"

"Yana kumfa."

"Sabulu ma yana kumfa."

"Yana sa gyatsa. Ya sa Malam gyatsa a cikin majami'a."

Wannan ta shige shi. Ya sa na maimaita, ya tambaya ko da mutane a wurin, da na ce babu ya ce kash. Sa'an nan ya ce zai busa ƙaho, amma in sani, idan maza suka ɗanɗana suka ga ruwan yara ne suka saɓa garma suka tafi, shi ba zai tare kowa ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Na tone gefen ramin citta na ga idanunta sun fara fari. Irina kuwa ya ɗan farfaɗo, amma bai fi cikin tafin hannu ba, ba zai tayar da ko tulu ɗaya ba. Na zauna ina lissafin tukwane a kaina, sai matata ta ce, "Baban yara, kai ƙwayoyin kawai kake kallo. Ruwan da ka tace, ba shi ne yake ci gaba da tashi a kwalba ba, bayan babu ƙwaya ko ɗaya a ciki?"

"Shi ne."

"To ai kamar ruwan tsamin gasara ne. Na jiya shi yake tayar da na yau. Ba ni kwalaben."

Ta zuba kwalba biyu a tulun ruwan mazarƙwaila, ta rufe da ƙyalle. Da ya fara ƙananan idanu a sama, ta raba shi a tuluna uku ta ƙara musu ruwan zaƙi. Da muka rasa manyan tukwane, ta je bayan ɗakin Mama inda tukwanen giya suke kife tun bara, ta goge su da toka da ɓawon masara, ta shanya su a rana, ta sake wankewa. Mama ta fito ta ga tukwanenta a tsaye, ta shafa cikin ɗaya ta ce, "Yawwa, hankali ya fara dawowa gidan nan." Muka daka sauran busasshiyar citta, muka jiƙa tsamiya, muka tace da sabon ƙyalle. Tukunya ɗaya ta yi gaba da sauran, ta yi tsami har tana kama haƙori, muka kashe ta da ruwa da mazarƙwaila. Ni ne mai ɗanɗanawa, saboda alkawarin da na yi wa Malam. Ana gobe gayya muka ɗaure bakunansu da ganyen ayaba, gida duk ya ɗauki wani ƙamshi kamar na burodi da citta.

Da safe ƙaho ya yi kuka. Na riga kowa zuwa gona, sai Malam, ya naɗe ƙafar wando, garmarsa sabuwa fil ba ta taɓa ganin ƙasa ba. Muka fara mu biyu. Rana ta ɗan ɗaga babu kowa, ban yarda na kalli hanya ba. Can sai na ji muryoyi daga wajen rafi, da wani yana ihu tun daga nesa, "Mai gona! Ya tsiro?" Suka fito daga cikin ciyawa a jere, Kawu a gaba, sun fi waɗanda suka zo mini bara.

A al'ada sai an ci ƙarfin aiki ake kawo abin sha. Ranar ba su yarda ba, suka ce a fara nuna musu. Mata suka sauke tukwane a gindin ɗorawa. Da matata ta kwance ganyen ayaba, tukunyar ta yi huci, kumfa ya taso, maza suka ce, "Af!" Na fara sha a gabansu, yadda mai gona yake yi. Na cika ƙwarya na miƙa wa Kawu da hannu biyu. Ya ɗan zuba a ƙasa saboda kakanni, Malam ya juya kai yana duban wani tsuntsu. Kawu ya kurɓa ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya tsaya.

Ya ce, "Ruwan yara ne."

Wani a baya ya riga ya kai hannu ga garmarsa.

Kawu ya sake kafa kai, bai sauke ba sai da ƙwaryar ta ƙare. Ya goge gemu, ya buɗe baki zai ƙara magana, sai gyatsar ta zo masa ta hanci. Ya runtse ido, ya girgiza kai kamar rago, hawaye suna zuba. Da ya samu numfashi ya miƙo ƙwaryar ya ce, "Amma yaran Turawa suna shan wahala. Ƙaro."

Shi ke nan aka yi ca a kan tukwane. Aka fara gasar gyatsa, ana ba da maki, wani tsoho mai haƙori ɗaya ya cinye. Suka koma gona da dariya, mai ganga ya kama kiɗa, garemani suka tashi tare suka sauka tare. Citta da tsamiya suna kashe ƙishi sosai, kowa ya kai bakin layi sai ya ruga ya kurɓa ya dawo. Malam ya shiga tsakiyarsu, kafin azahar hannunsa ya yi ruwa, suka sa masa suna mai garmar Lahadi, bai bar layinsa ba.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Bayan an ci fate, samari kamar biyar suka ce za su je su kama ruwa, ba mu sake ganinsu ba, ashe wani gida a ƙetaren rafi an dafa ta gaske. Kawu ma ya yi ta mita, wai wace irin gayya ce wannan, rana ta karkata ba a yi faɗa ko ɗaya ba, babu wanda ya kwanta a gindin itace, babu wanda ya zagi surukinsa a waƙa. Wani ya ce masa ai bakinsa yana nan, ya fara. Ya kuwa fara, da ni ya fara, ya bi ta kan Mama da filinta, ya sauka a kan Malam.

Da rana ta yi ja, tukwane sun ƙare, saura wani ɗan tsiri a ƙasan gona wajen rafi, inda ƙasar take da tauri. Mutane suka fara saɓa garma suna sallama, ban hana kowa ba, sun yi abin da ya fi ƙarfin godiya. Na gangara in ƙarasa ni kaɗai ko da zai kai ni jibi. Ina cikin sara sai na ji garma ta sauka a damana, wata a haguna. Kawu ne da Malam. Malam ya ɗaure tafin hannunsa da ƙyallen tata.

Kawu ya ce masa, "Kai ɗan mishan, ba haka ake riƙe ta ba. Sassauta hannun gaba."

Malam ya ce, "Baba, in na koya, za ka zo sujada?"

"Ka fara gyara bencinku."

Haka suka yi ta yi har muka kai bakin rafi. Na juya na dubi gonar, baƙa wuluk tun daga ɗorawa har ƙafafuna, babu inda aka tsallake. Na taka ta a hankali zuwa sama, kowane taki ƙafata tana nutsewa har idon sawu. Washegari tun da sassafe ni da matata muka buɗe ramin, muka fara kwasar citta a kwanduna zuwa gona.